Filin Tambayi Bakanike: Zan ɗaga Hilux ɗina in sa mata manyan tayoyi, ya ka gani?

TAMBAYA: Salam Oga, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Ni manomi ne a wani ƙauye gefen Miga, ina da Hilux ƙirar 2010 mai fowil, da ita nake kwaso shinkafa daga fadama kuma ran Lahadi in kai kaya kasuwar Gujungu. To wallahi duk damina sai ta kafe mini a hanyar gona, cikinta ya zauna a laka sai an nemo matasa da shebur, bara har sai da aka jawo ta da tarakta. Wani ƙanina ya ce in kai ta Kano a ɗaga ta inci 4 a sa mata irin ƙatti-ƙattin tayoyin nan da ake gani a Facebook. Yanzu 205R16 ce a jikinta. Don Allah a ba ni shawara kafin in sayar da buhunana.
Daga wani mai karatu, Miga, Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Kafin ka taɓa buhu ko ɗaya ka ajiye motar a waje mai daidai, ka shimfiɗa buhu ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta ta baya. Za ka ga wata tukunya a tsakiyar aksul, ita ce ta fi komai kusa da ƙasa, kuma ita ce take zama a kan tudun nan da amalanke da tarakta suke bari a tsakiyar hanya. To ko inci 10 ka ɗaga bodi wannan tukunyar tana nan inda take ba ta motsa ba, taya ce kaɗai take ɗaga ta. Babban amfanin ɗaga motar shi ne a samar wa babbar taya wurin juyawa.

Kuma ita ma tayar rabin abin da ka ƙara take ba ka. Tayarka ta yanzu tsayinta wajen inci 29 ne, in ka koma 245/75R16 ka samu inci 30 da rabi, wato tukunyar ta tashi ƙasa da inci 1, in ka je 235/85R16 wajen inci 31 da rabi da ɗan wani abu, ta tashi kusan inci 1 da rabi. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne, amma a hanyar fadama sau da yawa ɗan wannan ne tsakanin wucewa da kwana. Ni na fi son ta biyun saboda doguwa ce siririya, tana yanka laka ta taɓo ƙasa mai tauri, sai dai a duba ko rim ɗinka zai ɗauke ta, kuma a murɗe sitiyari har ƙarshe dama da hagu a ga ba ta gogar madigadi.

Maganar inci 4 kuwa gaskiya ka bar wa ƙanin naka. Gaban wannan Hilux ɗin kowace ƙafa zaman kanta take, akwai shaf da yake kai ƙarfi ga taya, in ka ɗaga da yawa sai ya karkace ya dinga aiki a tsaye-tsaye, robarsa ta yage giris ya zube yashi ya shiga, bayan ɗan lokaci ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in kana kwana, bol-joyin ma ya bi bayansa. Inci 2 shi ne iyakar da zan yarda a yi wa motar aiki, da sifirin da shokozoba masu tsayin da ya dace, ba wai mai walda ya yanko ƙarfe ya cusa ba. Na taɓa karɓar wadda aka sa wa guntun katako tsakanin sifirin da aksul, mai ita yana ta murna wai an yi masa sauƙi, kusoshin da suka riƙe aksul ɗin da hannu nake juya su.

Af, kafin ma a je nan, ka duba sifirin ɗin bayan. Motar da ta shekara da shekaru tana cin buhu 15 ko 20 yawanci gashinta, wato fallayen ƙarfen sifirin, ya kwanta, ya miƙe sharr babu lanƙwasa, wani har ya karye a ciki. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka samo mai kyau a ƙara maka gashi ɗaya, wani lokacin nan kaɗai za ka ga baya ya dawo da tsayinsa na asali.

Sai abin da za ka biya bayan kuɗin kaya. Babbar taya tana sa mota nauyin tashi, da lodi za ka ji tana neman giya ɗaya inda da biyu take wucewa, kuloci zai sha wuya mai ma zai ƙaru. Mita za ta dinga yi maka ƙarya, da 235/85 in ta nuna 100 to kana kusan 110 ne, birki kuma ba zai kama da wuri kamar da ba. In taka marar ABS ce, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, akwai wani bawul a baya da ɗan sanda ya haɗa shi da aksul, shi yake auna lodi ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in an ɗaga ba a saita shi ba zai ɗauka motar ba kaya alhali ka cika ta dam. Ka ce wa bakaniken ya saita, a yi alaimin, sannan lodi kar ya wuce kan motar sosai domin doguwar mota saurin kifewa gare ta a kwana.

In tayar Beljiyam za ka saya ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, wadda ta tsufa ko haƙoranta sun yi kyau ka bar musu abarsu. Kuma ka sa fowil tun kafin ka shiga lakar, ba sai ta zauna ba.