Tambaya da Amsa: Baƙin Gilashi da Rubutun Zinariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da ɗan shagon rubutun alluna da yankan sitika a Zariya. Wani mai sayar da turare ya nuna mini hoton wani tsohon kanti na Landan a wayarsa, an rubuta sunan kantin da zinariya a kan baƙin gilashi, yana walƙiya kamar madubi. Ya ce irinsa yake so a saman ƙofar shagonsa, ko nawa ne zai biya. Na je wurin masu alminiyam na sayo gilashi mai duhu, na yi rubutun da fentin gwal na gwangwani, sai ya fito dishi-dishi kamar tsohuwar tasa. Don Allah a ina ake samun baƙin gilashin na ainihi?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ba ni dariya, don ramin nan na riga ka faɗa masa. Ina yaron shago na taɓa dagewa sai na samo baƙin gilashi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ƙyale ni na yi ta yawon kasuwa har na gaji, sannan ya ɗauko wani tsohon allo da ke jingine a lungu, ya juya mini bayansa, ya sa farce ya kankare gefe. Fenti ne. Gilashin fari ne tas, irin wanda ke jikin kowace taga.

Kusan duk allon irin wannan da ya taɓa shigowa hannuna haka yake. A bayan farin gilashi ake manna zinariyar, a rufe ta da baƙin fenti, mai wucewa ya gan ta ta gaba. Santsin gilashin ne ke ba ta wannan walƙiyar ta madubi, shi ne kuma ke tare mata ruwa da ƙura da hannun yara. Faransawa sun laƙaba wa aikin sunan wani mai haɗa firam a Paris, Jean-Baptiste Glomy, wanda ya rasu a 1786, ko da yake ba shi ya fara ba. Tun ƙarni na 4 Rumawa ke danne fallen zinariya tsakanin gilasai biyu a gindin kofunansu, an kuma tono irinsu da yawa a maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum.

Wanda ka sayo kuwa, tintak ne na taga. Ɗaga shi ka kalli rana, za ka hango ta. Ka sa zinariya a bayansa, duhunsa ya shanye haskenta. Ka sa a gaba, bangon da ke baya ya riƙa leƙowa. Ajiye shi, wata rana ka yi wa wani taga da shi.

Baƙin gilashi na ainihi akwai shi, kada ka ce Baba ya musa. Tun a tukunyar narki ake zuba masa sinadaran ƙarfe masu rina shi, ya fito baƙi ƙirin ciki da waje, ko tocila ka haska ba ta ratsa shi. A Amurka aka fara yin manyan fallayensa a farkon ƙarni na 20, ana sayar da su da sunaye irin su Carrara da Vitrolite, a Ingila kuma kamfanin Pilkington ya ɗauka. Ginin jaridar Daily Express da ke titin Fleet a Landan, wanda aka gama a 1932, da baƙin Vitrolite aka lulluɓe fuskarsa, yana nan tsaye har yau. An daɗe da daina yin sa. Masu gyaran tsofaffin gine-gine a can, idan falle ya fashe musu, sai dai su je su kwanto wani daga ginin da za a rushe. To ka ga ba a Sabon Gari za ka same shi ba. Nupawan Masaga a Bida ma a da sun daɗe suna narka nasu baƙin gilashin, sai dai awarwaro da duwatsun wuya suke yi da shi, ba su miƙe shi ya zama falle.

Ko ka same shi ma, aikinsa daban ne. Tun da ido ba ya ratsa shi, dole zinariyar ta zauna a fuska. Sai an ƙwaƙule haruffan da feshin yashi, a shafa gam ɗin mai a cikin ramin, a jira ya kusa bushewa ya rage ɗan danƙo, sannan a danna fallen. Yana da kyau ƙwarai, amma haskensa a kwance yake, ba ya kai na bayan gilashi, kuma a garin da hunturu ke yayyafa ƙura wata uku, kowane goge-goge da tsumma rage masa kwana yake yi.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato zinariyar. Fentin gwangwanin nan garin tagulla ne ko na wani abu mai ƙyalli aka dama da mai, babu ko ƙwayar zinariya a ciki. Abin da kake bukata shi ne fallen zinariya, wadda aka daka aka daka har ta koma siririya ta yadda sai ka jera falle wajen 10,000 kafin su kai kaurin milimita guda. A ɗan littafi take zuwa, falle 25, kowanne kamar santimita 8 tsawo da faɗi. Lissafa ka gani: littafi guda ba zai rufe fiye da santimita 40 tsawo da 40 faɗi ba, kuma sau biyu ake shimfiɗawa, don haka raba biyu. Nemi mai karat 23 ko 22. Kafin ka buɗe littafin kashe fanka, rufe taga, kada ka yi numfashi a kansa. Na taɓa yin atishawa ɗaya da ta ci mini falle uku, maigida ya cire a kuɗin makona.

Wanke gilashin shi ne rabin aikin. Ka goge shi da garin alli da ruwa, ka ɗauraye, ka sake, har sai ruwa ya kwanta a kansa shimfiɗe ba ya tattaruwa ɗigo-ɗigo. In ya tattaru, akwai sauran maiƙo. Daga nan ka lika zanen haruffanka a fuskar gilashin, ka juya ka yi aiki ta baya. Komai a juye za ka gan shi. Rubutun boko ya koma daga dama zuwa hagu, na Larabci da ajami su koma daga hagu zuwa dama. Yaron da na koya wa aiki ya taɓa mance wannan, sai da muka ɗaga allon muka ga sai da madubi za a karanta shi.

Gam ɗin aikin bayan gilashi kuwa, kusan ruwa ne zalla. Ka san yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa idan ya kwana? Abin da ke daskarar da shi shi ne jelatin, shi ake narkawa ɗan kaɗan a ruwan ɗumi mai tsabta. Ka duba kwalin kafin ka saya, akwai na saniya da na kifi, akwai kuma na alade. Kowa a farko yakan cika shi da yawa don yana ganin zai fi kamawa, sai zinariyar ta fito da hazo. Ka jiƙa gilashin da ruwan nan, ka ɗauki faffaɗan buroshi mai laushi ka ɗan goga shi a kumatunka don ya ɗauki maiƙo kaɗan, ka taɓa fallen da shi, ka kai kusa da gilashin. Da kansa zai yi tsalle ya manne. Shekaruna nawa a aikin nan, har yau wannan tsallen yana burge ni. Da farko za ka gan shi a yamutse ba kyan gani, kada ka taɓa. Idan ya bushe sai ya miƙe ya ɗauki haske. Ka goge a hankali da auduga, ka sake shimfiɗa na biyu don toshe ƙananan huji.

Sai ka zana haruffan da fenti a bayan zinariyar, ya kwana ya bushe, ka sa jiƙaƙƙiyar auduga ka share duk wadda fenti bai rufe ba. Baƙin fenti shi ne na ƙarshe, shafi biyu, ka ɗaga wa rana ka tabbata babu inda haske ke leƙowa.

Kafawa ita ce inda na ga alluna da yawa sun mutu. Baƙi yana shan zafi, a watan Afrilu kuwa ka san yadda ranar Zazzau take. Gefen da ke rana ya buɗe, wanda ke inuwar firam bai buɗe ba, sai ka ji tas. Ka sa a goge bakin gilashin ya yi sumul, ka bar ɗan sarari tsakaninsa da firam, ka sa roba, kada ƙarfe ya taɓa shi kai tsaye. In da hali a kafa shi ƙarƙashin rumfa. Silikon mai warin tsami kada ya kusanci fentin, cinye shi yake yi. Ka kuma tuna da nauyi: gilashi mai kaurin milimita 6, mita biyu tsawo da santimita 60 faɗi, kilo 18 ne a saman kawunan mutane.

Kafin ka karɓi kuɗin mai turare, yi gwaji a ɗan guntun gilashi, harafi ɗaya tak, ka kai masa tare da sitikar gwal a gefe, ya zaɓa da idonsa, ka faɗa masa kuɗin kowanne. Araha ba ta ado, amma aljihunsa ne.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da firam na Ayatul Kursiyyu, rubutun zinariya a baƙin gilashi, tsarabar da aka kawo mini shekara huɗu da suka wuce. Yanzu gefen haruffan ya fara yin baƙi-baƙi da kore. Da me zan wanke shi?
Wata Hajiya daga Maraɗi

AMSA: Hajiya, barka kadai. Kada ki wanke. Zinariya ta gaskiya ba ta tsatsa, ba ta kore. Wannan fallen kwaikwayo ne na jan ƙarfe da tutiya, damshi ya shiga ta baya ya kama shi, kuma dattin yana ƙarƙashin gilashi inda tsumma ba ya kaiwa. Abin da ya ci ya riga ya ci, sai dai a tsayar da shi. Ki sauke shi daga bangon da ke jiƙa da damina, ki nisanta shi da hayaƙin kaskon turare, ki ba mai firam ya cire kwalin bayan ya sa sabo busasshe, ya lika gefunan da kyau. Fuskar kuwa, busasshen ƙyalle mai laushi ya ishe ta.