Amsa kan tsohuwar Marsandi mai jijjiga idan gudu ya kai 90

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka kan Marsandi 230E ɗinka wadda ka ce tana tafiya lafiya a cikin garin Bauchi, amma da zarar ka hau babban titi gudu ya kai 90 zuwa 110 sai ta kama jijjiga, kuma an yi wa tayoyi balansin ba ta daina ba. Wannan ciwon na san shi, domin irin motarka nake hawa, kuma zargina ya fi karkata ga farfela, wato dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin mota mai kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya.

Kafin ka sake biyan kowa ko sisi, ka lura da inda jijjigar take fitowa. Idan sitiyari ne yake rawa a hannunka, laifin yana tayoyin gaba. Idan kuwa a kujera da ƙasan ƙafarka kake jin ta, tare da wani gunji mai toshe kunne, to ka duba baya. Dalili shi ne farfela tana juyawa kusan sau uku da rabi kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda haka a gudun 100 tana yin kusan juyi 3,000 a minti, tayar kuwa ba ta kai 900 ba. Shi ya sa rawar taya take zuwa da kaɗawa wadda za ka iya ƙirgawa, ta farfela kuma ƙanana ce mai sauri da take sa madubin ciki ya dushe. Ka sami wuri miƙaƙƙe marar cunkoso a hanyar Darazo, ka kai gudun da take yi, ka sa giya a firi ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan ta ɗauke nan take, ka fara zargin mauntin, wato robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, musamman idan tana yin haka a tsaye lokacin da ka ba ta wuta. Idan ta ci gaba duk da inji ya sauka, abin yana bin gudun mota ne, wato zargi ya koma kan farfela ko tayoyi.

Tawa wani bakanike ne ya ja mini, ba zan kama sunansa ba. Canjin kuloci kawai na kai masa, ya kwance farfela, ya bar yaransa suka raba ta gida biyu ba tare da sun sa alama ba, suka mayar yadda suka ga dama. Farfelar wannan motar kuwa a haɗe aka daidaita nauyinta tun daga kamfani, idan haƙoran suka shiga ba a mazauninsu ba dole ta yi rawa. Da na koma masa sai ya ce tayoyina ne, na saya. Ya ce shakazoba ne, na saya. Daga ƙarshe ya dube ni a gaban mutane ya ce mota ta tsufa, in haƙura in sayar masa da ita. Wannan maganar ta fi kuɗin da na kashe yi mini ciwo, domin motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ashe kuma robar da ke haɗa farfela da giyabos ya cire ta asali ya sa mini wata marar kyau, bai gaya mini ba. Muna hanyar Gombe za mu je ta'aziyya, da iyali da gyatuma a baya, mun wuce Alkaleri kenan robar ta yage, aka ji duka a ƙarƙashin mota har yara suka fashe da kuka. Allah ya tsare farfelar ba ta faɗi ta caki kwalta ba. Muka wuni a gefen titi cikin rana, na yi ta kiransa, da ya ɗauka sai ya ce shi kuloci ya gyara. Har yau idan na wuce garejinsa raina yakan ɓaci, na bar shi da Allah.

Saboda haka ka sa a hau da motar kan rami, ka shiga da kanka da tocila. Ka duba robobin nan biyu, ta wajen giyabos da ta wajen akisul, kowacce mai noti shida. Idan ka ga tsagewa ko zare ya fito, kada ka sake yin doguwar tafiya sai an canza. Ka tura farfela sama da ƙasa a wajen santa boris, wato boris ɗin da ke tallafe da tsakiyar farfela, domin robar da ke riƙe da shi takan saki saboda zafinmu da daɗewa. Kuros ɗin da ke tsakiya kuma, wato gaɓar da ke ba farfela damar lanƙwasawa tana juyi, sai an sauke farfelar za a gane ko ya ƙage, kuma a wannan motar ba a yi shi don a riƙa canzawa cikin sauƙi ba, gara ka nemi cikakkiyar farfela ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano, wadda ba a taɓa raba ta ba. Duk wanda zai taɓa ta, ya sa fenti a mahaɗar tukuna kana tsaye. Wani dattijon bakanike da ya gyara tawa ya nuna mini cewa ba a ɗaure notocin santa boris da babban notin tsakiyar farfela sai mota ta sauka kan tayoyinta an ɗan tura ta gaba da baya.

Ban ce ka cire tayoyi daga zargi gaba ɗaya ba. Balansin ba ya gyara rim da ya lanƙwashe ko tayar da ta kumbura daga ciki, kuma tayoyin Beljiyam da yawa sun kwana biyu. Lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ka mayar da na gaba baya, na baya gaba, ka ga ko rawar ta canza wuri.

Ka sanar da mu ko an taɓa sauke giyabos ɗinka kwanan nan, da kuma ko giyar hannu ce ko otomatik. Allah ya kiyaye hanya.