Ta ina zan fara koya wa yara ƙasar Nijar?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Katsina, ina koyar da 'yan aji biyar. Na tambaye su me suka sani game da Nijar, amsarsu ba ta wuce hamada da raƙuma da Buzaye masu gadi ba. Wani ma ya ce ai jihar Najeriya ce Faransa ta ƙwace. Abin ya dame ni ƙwarai. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da taswira a allo. Zana Najeriya, ki ɗora Nijar a samanta, su ga da idonsu ta fi tamu faɗi: kusan murabba'in kilomita 1,267,000. Ki ja kogin Neja a kudu maso yamma, ki sa Yamai a bakinsa, sannan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas. Ki nuna musu cewa yawancin jama'a suna kudu inda ake noman gero da wake, arewa kuma duwatsun Ayir ne da hamadar Tenere da gishirin Bilma. Garuruwa biyar sun isa a darasi ɗaya, in kin ƙara sai su cakuɗe.

Amma maganar yaron nan ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai an turo ta a WhatsApp, wai duk Nijar ƙasar Sakkwato ce Bature ya yanka da wuƙa. Masu faɗar haka ba su taɓa buɗe littafi ba. Gaskiya ne an haifi Shehu Usmanu a Maratta, wadda yau take cikin Nijar, kuma Birnin Ƙonni ta bi Sakkwato. To, Maraɗi fa? Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa mulki can, suka shekara da shekaru suna yaƙi da daular. Har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran sarkinsu, kamar yadda na Tsibiri yake Sarkin Gobir. Damagaram Barno ta bi. Agadas tana da sarkinta tun ƙarni na 15, Doso kuma ta Zarmakoi ce, sarkin Zabarmawa. Najeriyar kanta sai 1914 aka haɗa ta, ta yaya za a ƙwace mata jiha kafin a yi ta? Yaron da ya taso da wannan ƙarya zai raina maƙwabci, ya ɗauka Zabarmawa da Barebari da Fulani da Tubawa baƙi ne a ƙasarsu.

Zuwan Faransa ki ba da shi ta bakin mutane. Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899, da Kawsan, jagoran Buzaye, wanda ya yi wa sojojinsu ƙawanya a Agadas a 1916. Kisan da waccan rundunar ta 1899 ta yi wa mutanen Ƙonni ki ambace shi kawai, kada ki siffanta wa 'yan shekara goma. Shekaru biyu sun ishe su haddacewa: 1926 da aka mai da hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai, da 3 ga Agusta 1960 da aka samu 'yanci ƙarƙashin Jori Hamani.

A ɓangaren al'ada, ki zo da takardar sefa su taɓa, da hoton hasumiyar masallacin Agadas ta laka, ki ba su labarin kokawar ƙasa da ake cin takobi. In akwai ɗan Maraɗi a unguwarku, ki gayyato shi su yi masa tambayoyi na minti ashirin.