Hukuncin Ɓoye Kuɗin Aike da Ɗora Riba a Kansa a Cinikin Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina sayar da atamfa, leshi da turaren wuta daga Kano. Ina da ɗan shago a intanet, ina kuma talla a Instagram da WhatsApp. Farashin kaya kaɗai nake rubutawa. Kuɗin aike ba ya fitowa sai mutum ya zo biya, wani lokacin ma sai ya turo kuɗin kayan sannan in faɗa masa. Kuma idan direba ya karɓi N4,000 a tasha, nakan ce wa mai saye N5,000 ne, saboda wahalata da kuɗin adaidaita sahu. Ƙawata ta ce haram nake ci. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya yi wa kasuwarki albarka, 'yar'uwa, ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya.

Tushen ciniki yardar juna ce, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, sai ta hanyar fatauci bisa yarda. Mutum kuwa ba zai yarda da abin da bai sani ba. Shi ya sa malamai suka sa sanin kaya da sanin kuɗinsu cikin sharuɗɗan ingancin ciniki. Shehu Khalil, malamin fiƙihun Malikiyya, a littafinsa Mukhtasar ya lissafa jahiltar kaya ko jahiltar farashi cikin abubuwan da ke ɓata ciniki, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san ƙarshensa ba. Sayar da abin da mai saye bai gani da idonsa ba, wannan ba matsala ba ce: Imam Malik ya halatta sayar da kayan da ke cikin dila bisa takardar da ta siffanta su, kuma hoto da bayanin da kike sawa suna cikin wannan babi idan sun dace da kayan.

Abin dubawa shi ne lokacin da cinikin ke ƙulluwa. A shagon intanet, yana ƙulluwa ne sa'ad da mai saye ya danna biya ko ya turo kuɗi. Idan kafin wannan lokacin ya ga kuɗin kaya, ya ga kuɗin aike, ya ga jimilla, kuma yana da damar fasawa, cinikin ya inganta ko da kuɗin aiken a shafin ƙarshe ya fito. Sai dai idan da gangan aka karya farashi a talla don a jawo mutane, aka mayar da gibin cikin kuɗin aike, wannan dabara ce da ke kore albarka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakim ɗan Hizam cewa masu ciniki biyu, idan suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu. Idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar.

Amma ki karɓi kuɗin kaya tukuna sannan ki faɗi na aike, wannan ki daina shi. Ki duba halin matar da ke Ibadan ta turo miki N30,000 na turmin atamfa. Ba za ta taso ta zo Kano ta ɗauka ba, ke ma kin san haka, ita ma ta sani. Aiken ya shiga cikin cinikin tun farko, alhali kuɗinsa ba a san shi ba. Yanzu kuɗinta na hannunki, duk abin da kika faɗa sai ta biya tana ƙunƙuni. Ina yardar take a nan? Wadda kika riga kika yi wa haka kuma kayan ba su tafi ba, ki ba ta zaɓi: ko ta amince da jimillar, ko ki mayar mata da kuɗinta ba ragi.

Maganar N1,000 da kike ƙarawa ita ce ta fi buƙatar natsuwa, domin hukuncinta yana rataye da kalmar da ta fito daga bakinki. Idan kika ce "direba ya ce N5,000" ko "kuɗin mota N5,000 ne", kin tsaya a matsayin wakiliyar mai saye, kina biyan direba a madadinsa. Wakili amintacce ne, ba ya riƙe rara, kuma kin faɗi abin da ba haka yake ba. Wannan ƙarin bai halatta ba, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito, "wanda ya yi algus ba ya tare da ni", ya hau kansa. Annabi (SAW) ya faɗi wannan ne da ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Abin da kika karɓa ta wannan hanya a baya, ki mayar wa waɗanda kika sani ko ki nemi su yafe. Waɗanda kika kasa samu, ki yi sadaka da shi a madadinsu.

Idan kuwa kika rubuta "kai kaya Ibadan a wurinmu N5,000 ne", kin ɗauki aikin kai kayan a wuyanki bisa lada sananne. Wannan ijara ce, kuma haɗa ciniki da ijara a ƙulli ɗaya ya halatta a mazhabar Malikiyya. Ki biya direba N4,000 ki riƙe sauran, halal ne tsarkakakke, domin kwali, leda, salatif, adaidaita sahu zuwa tasha da zaman jiran mota duk aiki ne da ya cancanci lada. Sharaɗinsa, ranar da kuɗin man fetur ya tashi direba ya ce N6,000 bayan kun gama magana, ke za ki cika daga aljihunki. Wadda ta ci rarar jiya ita ke ɗaukar gibin yau.

Na san uzurin 'yan kasuwa: kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, ta yaya za a rubuta shi? Ki raba wurare kashi-kashi, cikin gari, jihohin maƙwabta, sauran Arewa, Kudu, kowane da kuɗinsa gwargwadon nauyi, ki riƙa sabunta shi. Ɗan bambancin da zai shiga tsakanin lissafinki da abin da aka biya a tasha ba ya cutar da ciniki, tunda abin da mai saye zai biya sananne ne. Idan da kamfanin aika kaya kike hulɗa, ki sani da yawansu suna duba girman kwali ba nauyi kaɗai ba: sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000, su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Don haka ki auna kayan bayan kin naɗe su, kada ki yi kirdado. Inda lissafi ya gagara, ki tambayo farashin tukuna, ki faɗa wa mai saye jimilla, sannan ki tura masa lambar asusu. Kayan da za su fita waje kuma, ki bayyana tun farko wa zai biya kuɗin kwastan.

Masu rubuta "aike kyauta" alhali sun cusa kuɗinsa cikin farashi, cinikinsu ya inganta domin jimillar sananniya ce, amma na fi so a rubuta "farashin ya haɗa da kuɗin aike", ya fi kusa da gaskiya. Dokar ƙasa ma ba ta bar maganar ɓoye farashi ba: dokar gasa da kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta bayyana farashin abin da aka baje don sayarwa.

Idan kaya suka ɓace ko suka lalace a hanya kafin su isa hannun mai saye, asali a mazhabarmu asarar tana kan mai sayarwa, domin kayan da aka saya bisa siffa ba sa shiga lamunin mai saye sai ya karɓa. Idan shi ya turo ɗan aikensa ko ya zaɓi direbansa ya ce ki ba shi, to da zarar kin miƙa, kin fita.

Allah ne mafi sani.