Mun bar New York mun koma Texas, ga shi komai ya tsaya mana cik

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Wata ɗaya da rabi ke nan da muka taso daga Bronx a New York muka koma Houston a jihar Texas, saboda abokan maigidana sun yi ta ce masa can haya ta fi sauƙi, babu haraji, ga gidaje masu faɗi. Gidan kam da faɗi, amma wallahi tun da muka zo ban samu natsuwa ba. Ina da hawan jini, maganina ya kusa ƙarewa, na je kantin magani suka ce katina na Medicaid, inshorar lafiyar da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, na New York ne, ba ya aiki a nan. Babu jirgin ƙasa kamar can, in maigida ya fita da mota ni da yara sai zaman ɗaki, ga zafi. Ban san kowa ba, har na fara ce masa mu koma. Shari'arsa ta neman mafaka tana kotu a New York, amma wannan ba damuwa ba ce, tunda mun canza adireshi a gidan waya, kuma wani da ke cike wa mutane takardu ya ce shari'ar za ta biyo mu da kanta. Don Allah, kuskure muka yi da muka zo? Yaya zan yi da maganin nan, kuma yaushe mutum yake sabawa?

Maman yara, Houston

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yara. Abin da kika ce ba damuwa ba ne, shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki, kuma zan daɗe a kansa. Amma bari mu fara sallamar maganin.

Kada ki bari ya yanke, kada kuma ki fara raba ƙwaya biyu don ya kai ki ƙarshen wata. Idan akwai sauran karɓa a takardar da likitanki na New York ya rubuta, kantin magani na Houston zai iya kiran na can a dawo da ita, ki biya daga aljihu. Ki ce su ba ki wanda ba na babban kamfani ba, yawancin na hawan jini ba su da tsada a haka. Sai ki nemi likita a nan. Akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da ke karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, akwai kuma Harris Health, mai kula da asibitocin gundumar da Houston take ciki, wadda ke da shirin rangwame ga mazauna masu ƙaramin ƙarfi. Ki tafi da katin shaida, takardar haya da shaidar albashin maigida.

Medicaid kuwa kowace jiha da nata, ba a ƙaura da shi. Za ku rufe na New York ku nemi na Texas, kuma kada ki sa rai sosai. Texas na cikin jihohin da suka ƙi faɗaɗa shirin lokacin da wasu suka faɗaɗa daga 2014, don haka babba mai lafiyar yin aiki da wuya ya samu, kuma ita ce kan gaba a Amurka wajen yawan marasa inshorar lafiya. Yara sun fi samun sauƙi, ki cike musu neman Medicaid na yara ko CHIP, wato shirin inshorar lafiyar yara, yanzu. Ku manya, ƙaura tana buɗe muku ƙofar sayen inshora a shafin gwamnati na HealthCare.gov na kwana 60, kun riga kun ci kusan 45. Cancantarku ta danganta da irin takardun da ke hannunku, sai ku tambaya a cibiyar lafiyar tun wa'adin bai cika ba.

Yanzu maganar shari'a. 'Yar uwa, babu shari'ar da ke bin kowa. Ban san inda wannan magana ta samo asali ba, amma kusan kullum sai na ji ta a bakin wani, kuma ta jefa mutane cikin bala'in da ya fi ƙarfin lauya. Gidan waya hukuma ce daban. Kotun shige da fice tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, USCIS, hukumar da ke kula da takardun shige da fice, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, kuma ba wadda take ɗaga waya ta sanar da 'yar uwarta cewa wane ya tashi. Ita USCIS da bakinta ta faɗa cewa canza adireshi a gidan waya ba ya canza shi a wurinta, kuma gidan waya ba zai tura muku wasiƙunta sabon gida ba. E, abin haushi ne a ce gwamnati ɗaya sai ka faɗa mata magana ɗaya sau uku a fom uku. Ni ma haushin nake ji. Amma alƙali ba ya karɓar haushi a matsayin uzuri.

Ga abin da doka ta ce. Duk wanda ba ɗan ƙasa ba, in ban da 'yan kaɗan irin su jami'an diflomasiyya, dole ya sanar da USCIS sabon adireshinsa cikin kwana 10, ta intanet ko da fom AR-11. Har mai katin zaman dindindin. Wanda yake da shari'a a gaban alƙalin shige da fice kuma, dole ya aika wa kotun fom EOIR-33 cikin kwana 5 na aiki, ya ba lauyan gwamnati kwafi. Idan ke da yaran kuna cikin shari'ar, kowa da lambarsa ta shige da fice mai farawa da A, kowa da fom ɗinsa, na maigida bai ɗauke muku ba. Idan kuma yana zuwa sa hannu a ofishin ICE, hukumar da ke kamawa da korar baƙi, su ma sai an sanar da su daban. Duk wa'adin nan ya wuce ku. Ku cike yau, makara ta fi rashin yi nesa ba kusa ba, ku ajiye shaidar aikawa.

To ko kun cike duka, shari'ar tana nan a New York. Fom ɗin adireshi wasiƙa kawai yake juyawa. Mayar da shari'a wata kotu sai an shigar da buƙata a rubuce, an kawo hujja, an haɗa da shaidar sabon mazauni, alƙali ya duba ya amince ko ya ƙi. Kafin ya amince, ranar da aka sa tana nan daram, kuma dole maigidanki ya bayyana a New York, tafiyar fiye da kilomita 2,000, sai fa in alƙalin ya ba shi izinin halarta ta bidiyo. Idan aka kira sunansa ba ya nan, alƙali yana da ikon yanke hukuncin korarsa daga ƙasar a bayan idonsa, a zaman da ba zai wuce 'yan mintoci ba. Cewa sammacin bai iso ku ba, ba zai cece shi ba, domin a wurin doka in an aika adireshin ƙarshe da kuka bayar, an sanar da ku. Kuma kotu kan matso da rana ko ta ɗage ta, don haka ranar da ke rubuce a tsohuwar takardarsa ba abin dogaro ba ce.

Na sha ganin yadda abin yake ƙarewa. Mutum ya shigo ofis da leda cike da wasiƙun da ɗan uwansa ya tara masa a tsohon gida, wasu ko buɗe su ba a yi ba, yana murmushi, ya zo tambayar sabunta izinin aiki. Sai a kira lambar kotu a buɗe lasifika, a danna lambarsa, na'ura ta karanto cewa alƙali ya ba da umarnin kora tun watanni da suka wuce. Sai ka ga ya dubi wayar, ya dube ka, ya ce a sake dannawa, wataƙila an yi kuskuren lamba. Ana iya neman a sake buɗe shari'ar, amma in hujjarka wani babban uzuri ne, kwana 180 kawai gare ka, kuma "wani ya ce mini za ta biyo ni" ba ya cikin uzurin da ake karɓa. Banda haka, irin wannan hukunci kan iya haramta wa mutum wasu hanyoyin gyara zama har shekara 10.

Shi kuma wannan mai cike takardu, ku rabu da shi. A Amurka mutum biyu ne doka ta yarda su ba da shawara kan shige da fice: lauya mai lasisi, da wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta tantance a ƙarƙashin ƙungiyar da ta amince da ita. Mai shago da kwamfuta da hatimi ba ya cikinsu, ko da yarenku ɗaya, ko da sahu ɗaya kuke sallah. Wannan ne ma yake ƙona mini rai. Mutanenmu za su ƙi zuwa wurin lauya don tsoron kuɗi, su kai wa wani kuɗin da ya kusa kai na lauyan, ya cike fom da shaci-faɗi, ba ya sa sunansa a ko'ina, ranar da abu ya ɓaci ya kashe waya. Shi yana kwana a gidansa, kai kana tsare. Ku tambayi duk wanda zai taɓa takardunku a wace jiha yake da lasisi, ku duba sunansa a shafin ƙungiyar lauyoyin jihar. Wanda ya ji haushin tambayar ya riga ya ba ku amsa. Sai kuma malaman WhatsApp, masu cewa "ai wane ma haka ya yi kuma ya samu". Ba ku ga fayil ɗin wane ba, ba ku san abin da ya ɓoye muku ba.

Akwai wata gurguwar shawarar da na san za a ba ku da zarar an ji wannan, wato ku bar adireshin wani ɗan uwa a Bronx kamar kuna can. Kada ku yi. Gaskiya ne alƙaluman da ake fitarwa shekara da shekaru sun nuna kotunan New York sun fi na Houston amincewa da neman mafaka, da tazara mai yawa, kuma kotunan ɗaukaka ƙarar da ke sama da su daban ne, fassararsu ga doka takan bambanta. Wannan abu ne da ya kamata a auna tun kafin a ɗaure kaya. Amma shari'ar mafaka gaba ɗayanta a kan yarda da maganar mai nema take tsaye. Ranar da lauyan gwamnati ya ɗago takardar albashin Houston ya tambayi maigidanki a ina yake kwana, ƙaryar adireshi za ta shafi duk abin da ya faɗa kan dalilin gudowarsa.

Batun ko kun yi kuskure, abokan maigidanki rabin labari suka ba shi. Texas ba ta karɓar harajin jiha a kan albashi, haka ne, kuma haya a Houston ta fi ta New York sauƙi. Sai dai harajin gidaje yana da nauyi, mai gida kuma a cikin haya yake fanshewa. Mafi ƙarancin albashi a Texas dala 7.25 ne a awa, adadin da gwamnatin tarayya ta tsayar tun 2009, alhali a birnin New York ya haura ninki biyu na haka. Ga mota da inshorarta da mai, ga kuɗin wuta na na'urar sanyaya ɗaki, ga likita daga aljihu. Ku zauna da biro da takarda ku lissafa abin da ke saura a ƙarshen wata, shi ne ma'aunin, ba faɗin falo ba. Motar ma wa'adin yi mata rajistar Texas kwana 30 ne, ya wuce. Na lasisin tuƙi kwana 90 ne, kuma Texas, saɓanin New York, sai ta ga shaidar halaccin zama. Ki tambayi maƙwabta ko ruwa yana cin unguwarku, don wanda ya ga guguwar Harvey a 2017 ko Beryl a 2024 ba ya wasa da wannan tambayar, kuma inshorar 'yan haya ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya.

Sabo kuwa, wata ɗaya da rabi bai isa a yanke wa gari hukunci ba. A Bronx kina sauka daga bene ki ci karo da mutane. Houston a baje take, sai kin fita nema, kuma ba ta nemuwa da ƙafa. Don haka koyon tuƙi shi ne babban aikinki, kafin nan ki koyi layin bas na METRO da ya ratsa unguwarku. Kudu maso yammacin birnin, wajen Alief, cike yake da 'yan Afirka ta Yamma, kuma ƙungiyar Musulmin Houston, ISGH, tana da masallatai a sassa da dama. Ki sa yaran makaranta ba tare da tsoro ba, Kotun Ƙoli ta yanke tun 1982, a wata shari'a da ta taso daga Texas ɗin nan, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardu. A ƙofar makarantar za ki fara sanin iyaye. Idan kuma ƙuncin ya kai ga hana ki barci ko cin abinci na makonni, ki faɗa wa likitan da zai duba hawan jinin, kada ki ce ai kewa ce kawai.

Zancen komawa ko zama ku jingine shi sai lauya ya ga fayil ɗin. Daren nan maigida ya ɗauko lambarsa mai farawa da A, ya kira 1-800-898-7180, layin kotun da ke aiki dare da rana, ya rubuta rana da sunan alƙali da kotun da na'urar ta faɗa. Idan tana cewa an riga an yanke hukunci, gobe da safe ya nemi lauya, kada ya jira ƙarshen mako.