Cutar Parkinson: tambayoyinku kan kula da majiyyaci a gida

Tambaya: Likita, mahaifina yana da cutar Parkinson, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki da sandarewar gaɓoɓi, yana shan maganinta levodopa, amma wata rana sai ka ce bai sha komai ba. Ko na jabu muka saya?

Amsa: Kafin ka zargi maganin, duba lokacin da Baba yake shan sa. Levodopa da furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ƙwai, wake da nono ƙofa ɗaya suke bi daga hanji zuwa jini, don haka sai su yi ta turereniya. A ba shi minti 30 kafin abinci, ko awa 1 bayan ya ci, da ruwa kofi guda. In yana shan maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, a raba su da awa 2. Cushewar ciki ma tana jinkirta aikinsa. Kada a yanke masa maganin kwatsam, ko da watan azumi ne ya kama. A koma wurin likitansa a tsara lokutan shan.

Tambaya: Maigidana in ya iso bakin ƙofa sai ƙafafunsa su kafe kamar an dasa su. In na ja shi sai ya nemi faɗuwa.

Amsa: Hajiya, jan nan shi ke kayar da shi. Cutar ta taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai tafiyar da ƙafa ba tare da tunani ba, amma in ido ko kunne ya samu abin bi, takun yakan dawo. Ya tsaya, ya miƙe sosai, ya karkata nauyinsa kan ƙafa ɗaya, sannan ya jefa ɗayar da babban taku, ke kuma kina ƙirga masa "ɗaya, biyu". A bakin ƙofa ki ja layuka da alli, tazarar taku guda, ya riƙa tsallakewa. In zai juya ya yi zagaye mai faɗi, kada ya murɗa a kan dunduniya. Ki naɗe tabarmar da ke kan hanya, silifas kuma a canja shi da takalmi mai riƙe dunduniya. Likitan fisiyo, wato likitan gashi da motsa jiki, zai koya muku atisayen da ya dace da shi.

Tambaya: Kakata tana ƙwarewa in ta sha ruwa.

Amsa: Ruwa tsinkakke ya fi saurin zarcewa hanyar numfashi, kunu ko koko mai kauri ya fi mata sauƙin haɗiya. Ta zauna sosai, ta ɗan sunkuyar da haɓa, kurɓi kaɗan-kaɗan, ban da hira, kuma kada ta kwanta sai bayan minti 30. In zazzaɓi da tari suka biyo baya, asibiti ranar, domin yana iya zama ciwon huhu.