Ina Ido Zai Tsaya Kafin Sanda Ta Tashi?

Saƙonnin da suka zo wa wannan fili a makon nan yawancinsu daga Katsina da Daura suke, kuma duk a kan saiti a wasan sunuka suke kewayawa. Mun ɗauki huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna buga sunuka bayan la'asar a wajen Ƙofar Ƙaura, kuma gardama ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Wasu sun ce lokacin bugu farar ƙwallo ake kallo, wasu sun ce wadda ake son jefawa rami. Ni kuwa idona kai-kawo yake yi, har sanda ta tashi ban san inda nake kallo ba. A raba mana gardama. Daga wani matashi, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kallon ƙarshe na ƙwallon da kake son jefawa ne, kuma a kan haka galibin masu koyar da wasan suke. Sai dai kai-kawon da idonka yake yi ba laifi ba ne, lokacin tsayar da shi ne ba ka samu ba.

Saiti a tsaye ake yin sa, tun kafin a duƙa. Ka tsaya bayan fara, ka dubi rami, ka dubi ƙwallon, ka tsayar da layin da fara za ta bi. In da dama kake bugu, ka ɗora ƙafar dama a kan wannan layi, ka tura ta hagu gaba kaɗan, sannan ka sauko da sanda da haɓarka a kan layin, idonka na kan ƙwallon da kake nufi. Wanda ya riga ya duƙa sannan ya fara karkata sanda yana neman saiti, kafaɗarsa da gwiwar hannunsa suna kan wani layi, sandarsa na kan wani. In ka duƙa ka ga abin bai zauna ba, ka miƙe ka sake. Ba a biyan tara don an miƙe.

Bayan ka duƙa, sai gwajin sanda: gaba da baya sau uku ko huɗu, a hankali. A nan ne ido yake zirga-zirga. Sanda ta matso kusa da fara, ka duba ko kanta na daidai wurin da kake son taɓawa. Ta ja baya, ka ɗaga ido zuwa ƙwallon can. Ƙwayar ido kaɗai ke motsi, kai na nan daram. A gwajin ƙarshe ka tsayar da kan sanda dab da fara, ka yi mata kallon sallama. Ka ja sanda baya sannu, idonka ya koma kan ƙwallon da kake nufi, ka ɗan dakata kamar daƙiƙa ɗaya, sannan ka saki hannu. Wasu gwanaye suna mayar da idon tun sanda na gaba, wasu sai ta kai baya. Duka biyun suna aiki, muddin ido ya riga ya zauna kafin sanda ta taso.

Dalilin dakatawar shi ne ido ba ya sauya gani daga kusa zuwa nesa nan take. Cikakken teburin sunuka ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, don haka fara tana gaban hancinka, ja kuma, wato jar ƙwallon da kake nufi, tana iya yin nisan mita 2 ko 3. Ka buga ido na kan hanya, hannu ya tafi ba jagora. Wata mai bincike a Kanada, Joan Vickers, ta yi suna tun 1996 a kan wannan batu: ta nuna cewa ƙwararrun 'yan wasa suna tsayar da ido a kan abin da suke hari na tsawon lokaci fiye da 'yan koyo kafin su motsa.

Wurin da ake sassautawa shi ne idan fara ta manne da gefen tebur, ko wata ƙwallon ta tokare ta har sai ka ɗaga gindin sanda. Nan haɗarin zamewar sanda ya fi na kuskuren saiti, shi ya sa da yawa suke barin idonsu a kan fara. Abin da babu sassauci a kansa shi ne kada ka kalli rami lokacin bugu. Ido ya tafi rami, kai ya bi shi, kafaɗa ta bi kai. Ka bar kunnenka ya ba ka labarin faɗawarta.

TAMBAYA: Malam, idan ƙwallo ta miƙe sak da rami daga nesa, nakan zubar, kuma kullum ta gefen hagu take wucewa. Abokai sun ce sandata ce ta karkace, na canja, ba ta sauya zani ba. Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA: Kuskuren da ke maimaita kansa ta gefe guda ya fi sauƙin magani, ɗan'uwa. Ka fara da mirgina sandar a kan tebur. In ta yi birgima lami lafiya kanta ba ya tsalle, ka wanke ta daga zargi. Saura ido da hannu.

Kusan kowa yana da idon da ya fi rinjaye, kuma a wajen kamar mutum biyu cikin uku na dama ne. Ka miƙa hannu, ka rufe wani abu mai nisa da babban yatsa, kamar turken lantarki na ƙarshen layi, idanu biyu a buɗe. Rufe hagu, buɗe, rufe dama. Idon da ka bari a buɗe yatsa bai gusa daga turken ba, shi ne mai rinjaye. Idan rinjayen na da ƙarfi, kai kuma ka ajiye sanda a tsakiyar haɓa, abin da kake gani a miƙe ba a miƙe yake ba. Joe Davis na Ingila, wanda ya ci gasar duniya sau 15 tsakanin 1927 da 1946, idonsa na dama ba ya gani sosai, sai ya riƙa ajiye sanda a ƙarƙashin na hagu.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ɗora fara a ɗigon ƙwallon ruwan ƙasa, wato alamar mazauninta a kan tebur, ka buga ta a tsakiyarta ta bi ta kan ɗigon shuɗiya da na baƙa, ta daki gefen can ta dawo. Kada ka janye sanda. In komai daidai ne, kan sandar za ta dawo ta taɓa. A ƙananan teburan da suka fi yawa a unguwanni, masu ƙwallo 15 har da baƙa mai lamba 8, ka yi amfani da layin tsakiyar tebur. Ka yi sau 10. In tana dawowa ta gefe guda, to kana taɓa fara a gefen ba ka sani ba, tana tafiya da juyi. Sai ka gusa da haɓarka kaɗan-kaɗan, kamar faɗin yatsa, wajen da zai kawo sanda ƙarƙashin ido mai rinjaye, ka sake gwadawa har ta fara dawowa gida. In ka gusa ta ko'ina abin bai gyaru ba, matsalar a hannun baya take: riƙo ya yi tsauri, wuyan hannu na murɗawa.

Kada ka raina ƙanƙantar kuskuren. Faɗin ƙwallon sunuka milimita 52.5 ne. Fara ta kauce da milimita 1 kacal a wurin haɗuwa, ja za ta kauce da kusan santimita 2 a kowace mita ta tafiyarta, bakin rami kuwa bai kai faɗin ƙwallo biyu ba.

TAMBAYA: Yankan ƙwallo ne ke ba ni wahala. Nakan ga wurin da ya kamata fara ta taɓa, in saita sanda a kansa, amma sai in dake ta da kauri. Daga wani ɗalibi, Rafindaɗi.

AMSA: Ai ka faɗi cutar da bakinka. Wurin haɗuwa daban, wurin saita sanda daban. Ƙwallo biyu gefe da gefe suke haɗuwa, sanda kuwa tsakiyar fara take turawa. Ka saita tsakiyar a wurin haɗuwa, dole ka daki ja da kauri, wato fara ta rufe ta fiye da yadda ake so.

Ka ƙaddara wata farar ƙwallo tana manne da ja, a bayanta, su biyun sun miƙe sak da rami. Tsakiyar wannan ƙwallo ta zuci ita ce inda sanda za ta nufa. Wata hanyar lissafin: nisan da ke tsakanin tsakiyar ja da wurin haɗuwa, yadda kake hangensa daga bayan fara, ka ninka shi biyu.

Gwanaye sun fi auna abin da yawan rufewa. Fara ta rufe rabin ja, wato tsakiyarta na nufar bakin gefen ja, ja za ta tafi a kusurwar digiri 30. Ta rufe kashi uku cikin huɗu, kimanin digiri 14. Ta rufe kashi ɗaya cikin huɗu, kimanin 49. Ka fara da rabin, don shi kaɗai ke da alama a fili da ido zai kama. Ajiye baƙa a ɗigonta, ka nemi inda za ka sa fara ya zama bugun rabi, ka yi wa wurin ɗigo da alli, ka buga sau 20 ta kowane gefe har idonka ya haddace siffar.

Ka kuma lura da ƙura. Da hunturu, teburin da ke rumfa yakan kwashi ƙura cikin awa guda, ga allin da ke mannewa a jikin fara. Ƙwallo masu datti suna ɗan kama juna lokacin haɗuwa, sai ja ta tafi kamar an dake ta da kauri, musamman a bugu mai laushi. Goge su da busasshen tsumma kafin a jera, in kuma za ka buga a hankali ka ɗan ƙara sirantar yankan.

TAMBAYA: Ina sa tabarau na likita. Da na duƙa sai in ga ina leƙe ta saman gilashin. In cire ne? Daga wani magidanci, Ƙofar Soro.

AMSA: Kada ka cire, Alhaji, in dai ba ka ganin ƙarshen tebur sai da shi. Kada kuma ka ɗaga kai don ka ga ta cikin gilashin, wuya zai ƙage, kai ya riƙa rawa. Dennis Taylor, wanda ya doke Steve Davis da 18 da 17 a kan baƙar ƙarshe a gasar duniya ta 1985 a Shefil, tabarau na musamman yake sawa, gilashinsa ya haura girarsa. Ka nemi mai haɗa tabarau ya yi maka firam mai tsawo ta sama, ka duƙa a gabansa kamar kana kan tebur don ya ga inda ƙwayar idonka take faɗawa. Ka guji gilashi mai hawa biyu, na karatu da na nesa, a wajen wasa. Kafin ka samu, ka ɗaure wanda kake da shi da zare ta ƙeya ya hau can saman hanci, ka kuma bar tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin haɓa da sanda.